BA MOTA CE TA ƘWACE BA

Ina neman afuwar Edita da sauran 'yan'uwa marubuta, domin na san akwai masu cewa me ya haɗa mujallar adabi da ƙarƙashin mota. A yi mini haƙuri a bi ni zuwa ƙarshe, in ya so wanda ya ga na yi ɓatan kai sai ya mayar mini da martani a fitowa ta gaba, dama filin na kowa ne.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wani ɗalibina na ajin ƙarshe, yaro mai ƙwazo da son rubutu, wanda ya kawo mini labarin da ya rubuta in duba masa kafin ya kai shi taron reshenmu. Tauraron labarin wani saurayi ne ɗan Talata Mafara da ya gaji tsohuwar bos ƙirar Volkswagen Kombi daga kakansa, ya kai ta gareji aka sauke ta ƙasa har cikinta na neman shafar kwalta, aka fente ta, aka sa mata gado da labule, ya riƙa ɗaukar masoyiyarsa zuwa bakin dam ɗin Bakalori shan iska. Can a babi na bakwai, da marubucin ya rasa yadda zai yi da Alhajin da iyayen yarinyar suka nace sai ta aura, sai ya sa shi a mota zuwa Gusau. A layi biyu ya gama da shi: mota ta ƙwace wa direba, ta wuntsila, ba wanda ya fita da rai.

Tambaya biyu na yi masa. Na ce a ina ka taɓa ganin an sauke mota ƙasa haka? Ya ciro waya ya nuna mini hotunan Turawa. Na ce to me ya sa motar Alhaji ta ƙwace? Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Malam, ai ajali ne."

Amsar farko yarinta ce, za ta wuce. Ta biyun ce ta hana ni barci, domin ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Mu muka koya masa, mu da muka riga shi riƙe alƙalami.

Bari in fara sallamar ta farkon tunda ita ce mai sauƙi, kuma sai an fahimce ta za a gane inda na dosa. Ita dai Kombi Jamusawa ne suka fara ƙera ta a 1950, bayan wani dillalin motoci ɗan ƙasar Holan mai suna Ben Pon ya zana siffarta a takarda a 1947. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, direba kuwa yana zaune ne bisa tayoyin gaba. Tun 1951 wani kamfani mai suna Westfalia ya fara sa mata gado da kabad, har Turawa suka mayar da ita ɗakin kwana mai tafiya, a je bakin teku a kwana a ciki. A Legas ita ce asalin bos ɗin hayar da ake kira danfo. An ci gaba da ƙera ta a Barazil har Disamban 2013, kuma abin da ya tsayar da ita shi ne dokar ƙasar da ta wajabta wa sababbin motoci, daga 2014, jakar iska mai kare ƙirji da birkin da ke hana taya kullewa. A yau tsohuwar Kombi abar tinƙaho ce a Turai da Amurka, kuma wani ɓangare na masu ita sun ɗauki sauke ta ƙasa a matsayin ado.

Yaya suke yi? Kombi ba ta da sifirin irin na falle-falle da muka saba gani a ƙarƙashin a-kori-kura. Nauyinta yana kan wasu ƙarafa ne masu murɗuwa, kamar yadda za ka kama ɗanyen reshe ka murɗe shi, in ka saki ya koma yadda yake. A gaba bututu biyu ne a gicciye, ɗaya bisa ɗaya, a cikin kowanne an jera siraran ƙarafa an ɗaure su a tsakiya. Mai son saukewa sai ya yanke maɗaurin tsakiyar, ya walda wani da ake iya juyawa, in an juya shi gaban motar ya sunkuya. A baya kuma sanda ce mai haƙora a bakinta. A zare hannun da ke riƙe da taya, a gusa shi da haƙori ɗaya ko biyu, a mayar. Tsofaffin na Jamus, na har zuwa 1967, suna da wasu ƙananan akwatunan giya a jikin tayoyin baya waɗanda ke ƙara musu tsawo da ƙarfin jan kaya, su ma fitar da su ake yi. Sakamakon haka shokozoba ya rasa wurin motsi, duk wani ɗan tudu ya taso kai tsaye ya daki ƙugun na zaune, tayoyin baya na tsofaffin su yi gwame su riƙa cinyewa ta gefen ciki. Masu abin sun san da haka, sun yarda su biya. Hanyoyinsu sumul suke, motar ba da ita suke ci da iyali ba, sannan a ƙasa kamar Jamus ba ka isa ka sauya wa mota tsawo ka hau titi ba sai kayan da ka sa suna da takardar izini, ko masu binciken lafiyar motoci sun duba sun rubuta a takardunta.

Yanzu ɗauki wannan mota ka ɗora ta a hanyar ƙauyukan Maradun cikin watan Agusta, ko cikin hanyoyin burji da ke bin gefen magudanan ruwan Bakalori. Kwalbati na farko zai karɓi gabanta, na biyu ya fasa mata gindin inji mai ya tsiyaye. Wannan na gaya wa yaron, muka yi dariya. Ba ni da rigima da Baturen da ya sauke motarsa, ƙugunsa ne da kuɗinsa. Rigimata da abin da muke yi a nan ne, wanda yake kishiyar nasu, kuma babu wanda ke ɗaukar hotonsa ya sa a waya. Su suna sauke mota don a kalle su, mu kuwa ɗaga ta muke yi don kada a gane abin da muka ɗora mata.

Duk wanda ya taɓa zama a gareji a Mafara ko Gusau ya san kalmar nan, ƙarin sifirin. Mutum ya sayo bos 'yar Kwatano, Toyota Hiace ko Peugeot J5, kafin ta ɗauki fasinja ko ɗaya sai an kai ta wurin masu sifirin. A ɗaga ta a jak, a kwance ƙarafan da suka ɗaure sifirin da aksul, a samo falle biyu ko uku ko huɗu daga gawar wata babbar mota, a yanke su daidai, a huda, a cusa cikin na asali, a sa doguwar kusa a ɗaure. In Hiace ce, gabanta ma irin sandar nan ce mai murɗuwa, sai a ƙara matse notinta gaban ya miƙe. Masu ƙananan motoci irin Golf kuwa, waɗanda nasu sifirin mai naɗi ne, sai a canza shi da na motar da ta fi ta nauyi, ko a cusa masa guntun roba. Abin dariya, ita J5 ɗin nan, wadda aka ƙera daga 1981 zuwa 1993, tana cikin motocin da Turawa suka fi mayarwa ɗakin kwana na yawon hutu. Ta gama ɗaukar mata da miji da karensu, ta zo nan ta tsufa ƙarƙashin kwandunan tumatir da buhunan albasa.

Wani dattijon makaniki da nake zama wurinsa in an tashi makaranta, ranar da na tambaye shi, "Baba, shin wannan ƙarin yana ƙara wa mota ƙarfi?" sai ya goge hannu ya ce, "Malam, in ka ga mota ta zamna, gaskiya ta hwaɗi. Mu aikin da anka ba mu shi ne mu hana ta hwaɗi." Ban taɓa karanta bayanin da ya kai wannan ba.

Domin kuwa sifirin shaida ne. Injiniyan da ya zana motar ya auna shi tare da taya da birki da aksul da shasi, duka a kan nauyi guda, kuma an buga wannan nauyin a wani ɗan faranti a jikin motar. In aka wuce shi, sifirin ne kaɗai ke da bakin magana: bayan motar ya zauna, taya ta fara gugar bodi, kowa a tasha ya gani. In ka ƙara masa falle, toshiyar baki ka ba shi. Taya ba ka ƙara mata komai ba, birki ma haka.

Mai karatu, mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba. Bos irin Hiace, ita kanta ba komai cikinta ta doshi tan biyu, abin da aka yarda ta ɗauka kuwa wajen tan ɗaya ne. Zuba mata mutum 18, ka ce kowanne kilo 60 ne, ka samu kilo 1,080, ba a sa direba da yaron mota ba. Ka ga tun nan an cika mudu. Sai kuma a buɗe ƙofar baya a jera buhu takwas na masara masu kilo 100, a ɗaure da igiya, a ɗora babur a sama, wani lokaci har da akuya. Duba gefen tayar irin wannan mota, sau da yawa za ka ga lamba 106. Ma'anarta ita ce iyakar abin da tayar za ta ɗauka kilo 950 ne, wato tayoyin baya biyu kilo 1,900, kuma wannan in tayar lafiyayya ce an ba ta iska daidai. Tamu kuwa 'yar gwanjo ce. Akwai wasu lambobi huɗu a jikinta da ke faɗar makon da shekarar da aka yi ta, misali 2314 na nufin mako na 23 a 2014, amma wa ke dubawa? Taya mai ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta lanƙwasa take yi a kowane juyi, lanƙwasar ta haifar da zafi, ga zafin kwalta na watan Afrilu, har zaren cikinta ya rabu da roba. Sai ka ji an ce taya ta fashe, kamar ita ta ga dama.

Buhunan nan da suka zarce tayoyin baya su ma suna da nasu aikin. Danna bayan da suke yi ɗaga gaban yake yi, kamar yara biyu a kan gungume, sai sitiyari ya yi sakayau a hannun direba, tayoyin da ke juya motar su rage kama ƙasa. Sannan ɗaga bodi da ɗora kaya a kan rufi suna mayar da cibiyar nauyin motar sama. Macen da ta ɗauki tulu a ka ta fi kowa sanin wannan, ba ta juyowa da sauri. Motar da nauyinta ke sama, in direba ya kauce wa rami ko saniya da gaggawa, tayoyin gefe ɗaya sai su bar ƙasa.

Akwai kuma wani abu da ko direbobi da yawa ba su sani ba, ni ma dattijon nan ne ya kwanta ya nuna mini shi. A ƙarƙashin tsofaffin bos-bos irin waɗannan akwai wani ɗan bawul a jikin bututun man birkin baya, an haɗa shi da aksul da wani siririn ƙarfe. Aikinsa shi ne ya auna yadda bayan motar ya zauna. In ya zauna sosai, bawul ya gane an yi lodi, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In bai zauna ba, ya ɗauka motar wayam take, ya rage, don kada tayoyin baya su kulle. To ka ƙara sifirin, ka loda tan biyu, motar ta tsaya cak kamar ba komai. Bawul ya ba birkin baya rabon motar da ba ta ɗauki kaya ba, aikin tsayar da wannan uban nauyi ya koma kan birkin gaba, ya yi zafi, ya daina kamawa. Ashe ba mutanen tasha kaɗai aka yi wa ƙarya ba, har da ita motar. Shi ma Baturen da ya sauke irin wannan mota bai gyara bawul ba ƙarya ya yi mata ta ɗaya gefen, sai dai shi da matarsa ne a ciki, mu kuwa mutum ashirin ne.

Ban koyi wannan a littafi ba. Wata Talata, shekarun baya, na shiga bos daga Bakura zuwa kasuwar Mafara. Muna huɗu-huɗu a kujerar mutum uku, ƙofar baya a buɗe an ɗaure ta da igiya bisa buhuna. Mun hau babban titin Sakkwato zuwa Gusau ba da jimawa ba sai muka ji ƙara kamar bindiga, bayan motar ya yi hagu ya yi dama, daga nan ban san abin da ya faru ba sai da na gan ni zaune a cikin ciyawa, kafaɗata ta ƙi ɗaguwa. Wani dattijo da ke bayana, wanda muka gama gardama da shi a kan farashin taki, buhunan nan ne suka danne shi, ko asibiti ba a kai da shi ba. Wata mata mai goyo ta tsira da ɗanta amma har yau da sanda take tafiya. Motar tana kwance ƙafafu sama, ranar ce na fara ganin cikin mota da idona. Ina zaune ina jiran a ɗauke mu, ba abin da idona ya kafe a kai sai sifirin. Launi biyu ne, na asali baƙi, na ƙari ja da tsatsa, an ɗaure su da wata doguwar kusa sabuwa fil. Washegari duk wanda ya zo duba ni abu ɗaya yake faɗi, "Ashe mota ta ƙwace muku. Allah Ya kiyaye gaba." Ni ma amin nake cewa.

Yanzu na iso kan 'yan'uwana marubuta. Ku dubi jimlar nan da idon nahawu: mota ta ƙwace wa direba. Mota ce aikau. Direba ya zama abin tausayi. Mai motar da ya ba da kuɗin ƙarin sifirin ba ya cikin jimlar, makanikin da ya ɗaura ba ya ciki, ɗan kamashon da ya ce a ƙara buhu biyu ba ya ciki, jami'in da ya miƙa hannu a shinge ya ɗaga sanda shi ma ba ya ciki. Haka "taya ta fashe", haka "birki ya tsinke". Jimloli ne da aka gina don a wanke kowa. Talakan da ya zo jaje ya faɗe su ban ga laifinsa ba, ladabi ne da neman sanyaya zuciya. Amma marubuci fa? Shi da sana'arsa ita ce ya san wanda ya yi, da abin da ya sa ya yi?

Ku faɗi gaskiya, littattafai nawa muka karanta, nawa muka rubuta, waɗanda hatsarin mota ne ke share wa marubuci hanya? Kishiya ta yi yawa, hatsari. Mijin dole ya ƙi saki, hatsari. Ana son yarinya ta zama marainiya tun shafi na uku, iyayenta su kama hanyar Kaduna. Mun mayar da hatsari kamar tsintsiya a bayan ƙofa. Kuma abin haushi, marubucin da bai iya ba ka layi ɗaya a kan dalilin faɗuwar mota ba, shi ne zai cika shafi guda yana siffanta motar saurayi, launinta da sanyin cikinta da ƙamshin kujerunta. Mun san mota ta sama kamar dillalai, ta ƙasa kuwa ko almajiri mai wanke ta ya fi mu.

Idan ba a manta ba, a shekarun 1990, muna 'yan makaranta, an yi doguwar muhawara a jaridu a kan littattafan da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano. Masu suka suna cewa mafarki ne kawai, masu karewa suna cewa madubin al'umma ne. Ni da na girma ina ɓangaren masu karewa, har gobe kuma ina nan. Sai dai madubin nan namu an daɗe ana haska falo da shi, ba a taɓa fita da shi tasha ba. Alhali tun 1982 aka buga Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Mohammed Bello, wanda ya ɗauki hanya da haɗurranta a matsayin jigo. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan. Motoci sun ƙaru, makabartu sun faɗaɗa, mu kuwa mun koma baya.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a ɗakin malamai.

Za a ce talauci ne. Gaskiya ne, kuma ba zan raina wannan ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, direban da bai yi lodi ba ba zai mayar da kuɗin mai ba, balle na mai mota da na tasha. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta sa motocin da ke shiga wasu ƙauyukan Maradun da Bakura suka ragu, wadda ta yarda ta je dole ta kwashe kowa da komai, kuma dole ta yi gudu ta fita kafin la'asar ta yi sanyi. Manomin da ya noma shinkafa ko dankali a Bakalori ba shi da jirgin ƙasa, ba shi da wata motar. Duk na yarda. To amma wannan ai shi ne labarin! Mutum tsakanin yunwar 'ya'yansa da rayukan fasinjansa, makaniki da ya san abin da yake ɗaurawa amma in ya ƙi na kusa da shi zai karɓa, fasinja da ke zagin wanda ya ce lodi ya yi yawa domin yana saurin ya riski kasuwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, ni kaina ranar nan ban ce uffan ba da ake ƙara buhu. Wane marubuci ne zai samu irin wannan rikici a ƙofar gidansa, ya tsallake shi ya tafi aron Kombi daga wayar hannu?

Za a ce ɗaga mota dole ne saboda hanyoyinmu. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, amma a bambance. Peugeot 504, Fijo ɗin da iyayenmu suka sani, wadda aka fara haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ta yi suna a Afirka ne saboda tsawon ƙafarta da yadda take shanye gargada, har ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975. Doguwar cikinsu mai ɗaukar iyali an ba ta sifirin mai naɗi har huɗu a baya. Amma waɗanda suka yi wannan sun auna shi ne tare da sauran jikin motar. Wanda ya ɗaga mota don ta tsallake rami, ya bar lodinta yadda aka rubuta, ba da shi nake ba. Sai dai ku je gareji ku tambaya, cikin masu kawo aikin, wa ke maganar rami?

Za a ce ina ja da ƙaddara. Subhanallahi. Na yi imani dattijon nan ba zai ƙara ko daƙiƙa ɗaya a duniya ba. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Malaman fiƙihu kuma tun da daɗewa sun yi bayani a kan wanda ya yi hayar dabba ya ɗora mata fiye da abin da aka yi sharaɗi har ta halaka, suka ce biya ya hau kansa. Ba su ce a bar shi ajalin jaki ne ya zo ba. In an yi wa jaki wannan adalcin, ɗan Adam fa? A jihar da ta yi shelar shari'a tun 1999, ban taɓa jin an tsayar da wani a gaban alƙali a kan falle huɗu na ƙarfe ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, kuma marubuci ne ma shugabanta na farko, Wole Soyinka, ta haramta lodin da ya wuce ƙa'ida. Amma jami'in da ke tsaye a titi ido yake amfani da shi ba sikeli ba, ƙarin sifirin kuwa don idonsa aka yi shi.

Na ƙarshe, wanda ya fi ba ni haushi domin daga bakin marubuta yake fitowa, wai adabi ba littafin koyon kanikanci ba ne. Wa ya ce a rubuta darasi? Cewa na yi a san abu kafin a kashe mutum da shi a takarda. Makaɗanmu na baka ba su yi wannan kasalar ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ɗan ƙasar nan ta Bakura da Maradun, wanda ya rasu a 1991, da sauran makaɗan fada da na noma, in za su ambaci doki ko garma sun san sunan kowane sashe nasa, domin masu sauraro za su kama su in sun yi kure. Mu kuwa mun samu masu karatu masu haƙuri, mun mayar da haƙurinsu jari. Jimla ɗaya ta isa. A nuna mini mai mota yana ƙirga wa makaniki kuɗi a babi na biyu, in ya so a kifar da motar a babi na bakwai, ba sai an yi wa kowa wa'azi ba, mai karatu zai haɗa da kansa. Kuma wata rana zai tsaya a tasha ya sunkuya ya leƙa kafin ya sa 'yarsa a ciki.

Ina ba reshenmu shawara, kuma da gaske nake, a ɗage taron karatu guda ɗaya daga ajin makarantar da muke aro, a yi shi a tashar Mafara ranar Talata da hantsi. Kowa ya zo da takarda da biro da tufafin da ba ya tsoron su ɓaci. A tsuguna a ƙirga falle. A karanta lambobin taya. A tambayi yaron mota yadda sitiyari ke yi in an cika baya, a tambayi mai faci tayar wace ƙafa ce ta fi zuwa wurinsa. Na san akwai manyanmu da za su ga wannan zubar da girma ne, su sai su zauna a inuwa su riƙe mana jakunkuna.

Shi dai ɗalibin nawa na riga na tura shi. Ya dawo bayan kwana uku da baƙin mai a gwiwar wando, ya ce ya samu bos biyu iri ɗaya a jere, ɗaya falle biyar, ɗayar tara, kuma mai ta biyun ya biyo shi da zagi yana zaton ɗan leƙen asirin jami'an hanya ne. Yanzu yana sake babi na bakwai. Alhaji dai yana nan zai mutu, yaron ya ƙi yafe masa, sai dai a sabon rubutun bos ɗin ta Alhajin ce, ya shiga ne domin tasa ta gida ta lalace. Kombi kuwa ya ce ba zai ɗaga ta ba, a ƙasa yake son abarsa. Na ce to sai ka ƙara shafi guda inda masoyiyar za ta sauko da takalminta mai tsini ta taya shi turi.